Binciken Ilimi Kan Uba da Rawarsa a Cikin Iyali

Binciken ilimi kan uba reshe ne na nazarin iyali da ke duba abin da mahaifi, ko wanda ya tsaya a madadinsa, yake yi wa 'ya'ya, da abin da hakan ke jawo wa yaron da uwarsa da shi kansa uban. Masana halayyar ɗan Adam da na zamantakewa da na al'adu da likitocin yara da masana tattalin arziki duk suna da hannu a ciki. Fagen ya tsaya da ƙafafunsa ne a tsakiyar shekarun 1970, galibi a jami'o'in Amurka da Turai, kuma har yau ana ganin alamar wannan asali a irin ma'aunin da ake auna uba da shi.

Asalinsa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, duk maganar rainon yaro a kan uwa take ƙarewa. Rahoton da likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 ya ɗora lafiyar ƙwaƙwalwar yaro a kan kulawar uwa. A 1955 kuma Talcott Parsons da Robert Bales suka raba aikin gida biyu: miji ya nemo, mace ta riƙe zukatan mutanen gida. In ma an ambaci uba a bincike, to a kan rashinsa ne, wato me ke samun yaron da ubansa ya tafi yaƙi, ko ya rasu, ko ya rabu da uwar.

Rudolph Schaffer da Peggy Emerson suna cikin waɗanda suka fara girgiza wannan fahimta. Sun bi jarirai 60 a birnin Glasgow, suka wallafa a 1964 cewa kafin wata 18 mafi yawan yaran sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya, kuma kusan uku cikin huɗu sun shaƙu da ubanninsu. A 1975 Michael Lamb ya fitar da maƙalar da ta kira iyaye maza masu gudummawar da aka manta da su, shekara guda bayan nan ya shirya littafin da ya zama madogarar fagen, wanda aka sake bugawa har karo na biyar a 2010. Duk da haka ɗabi'ar masu bincike ba ta sauya da wuri ba. Vicky Phares da Bruce Compas sun tace maƙalu 577 kan matsalolin ƙwaƙwalwar yara a 1992: kashi 48 cikin 100 uwa kaɗai suka duba, kashi 1 kacal ne suka duba uba kaɗai. Dalilin ma ba boyayye ba ne. Uwa ce ke kai yaro asibiti, ita ake samu a gida da rana, don haka ita ake miƙa wa takardar tambayoyi, har abin da ya shafi uban ma daga bakinta ake ji.

Yadda ake auna shi

A tsakiyar shekarun 1980 Lamb da Joseph Pleck da abokan aikinsu suka kasa rawar uba gida uku. Akwai mu'amala kai tsaye, kamar ciyarwa da wanka da wasa da koyar da karatu. Akwai samuwa, wato uba yana kusa ko da ba ya yin komai da yaron, amma in an kira shi zai amsa. Sai ɗaukar nauyi, wanda shi ne mafi wuyar aunawa. Uba na iya ɗaukar yaro ya kai shi rigakafi don an ce masa yau ce ranar. Amma wa ya riƙe ranar a ka? Wa ya san inda katin yake, wa ya lura takalmin makaranta ya matse ƙafa? Wannan aikin tunani agogo ba ya kama shi, kuma a nan ne tazarar uwa da uba ta fi faɗi.

Ɓangaren da ake iya ƙirgawa da awa ya nuna sauyi. Alƙaluman cibiyar bincike ta Pew sun nuna uba a Amurka yana ba renon yara kimanin awa biyu da rabi a mako a 1965, ya kai awa takwas a 2016. Sai dai uwa ma ta ƙara, daga awa 10 zuwa 14.

Daga baya Pleck da kansa ya gyara tsarin a 2010, ya shigar da tausasawa da sauraron yaro da sa ido a kansa, domin an gane yawan lokaci shi kaɗai ba ya faɗin komai. Awa uku tare da uba mai hantara da duka ba alheri ba ne ga yaro.

Abin da aka gano

Anna Sarkadi da abokan aikinta a Suwidin sun tattara bincike 24 da aka bi yara shekara da shekaru, suka wallafa a 2008 cewa 22 daga ciki sun nuna amfanin shigar uba cikin al'amuran 'ya'yansa: raguwar fitina ga yara maza, raguwar damuwar zuciya ga 'yan mata, da ƙaruwar fahimta. Game da uban da ba ya gida ɗaya da yaro, Paul Amato da Joan Gilbreth sun haɗa bincike 63 a 1999, suka ga yawan ziyara kaɗai bai cika yin tasiri ba. Abin da ya yi tasiri shi ne biyan kuɗin ciyarwa, da kusancin zuciya, da uba ya riƙa yin aikin uba, ya duba aikin makaranta, ya tsawatar da hujja, maimakon zama baƙo mai kawo tsaraba.

Ɗaya daga cikin manyan taskokin bayanai a wannan fanni ita ce binciken da jami'o'in Princeton da Columbia suka fara ƙarƙashin Sara McLanahan da Irwin Garfinkel, wanda ke bin yara kusan 4,900 da aka haifa tsakanin 1998 da 2000 a manyan birane 20 na Amurka, kusan uku cikin huɗu ba tare da aure tsakanin iyayen ba.

Gardamar da ba ta mutu ba ita ce ta sanadi. Gidan da uba ya bari yakan kasance tun farko akwai talauci ko rigima a ciki, don haka da wuya a ce wanne ne ya cutar da yaron. Yaro mai sauƙin hali ma yakan jawo uba kusa da shi, ba lallai uban ne ya sa shi sauƙin halin ba. Binciken da ya kwatanta 'yan uwa na ciki ɗaya, ko yaro ɗaya kafin rabuwa da bayanta, ya tabbatar da tasirin rashin uba, amma bai kai girman da ake zuzutawa a dandalin siyasa ba.

Shi kansa uban yana sauyawa. Lee Gettler ya bi samari 624 a Cebu ta ƙasar Filifin, ya nuna a 2011 cewa sinadarin testostiron, wato sinadarin namiji, ya ragu sosai a jikin waɗanda suka yi aure suka haihu, kuma ya fi ƙasa ga masu yin awa uku ko fiye a rana suna reno. A 2010 James Paulson da Sharnail Bazemore suka nuna kusan uba ɗaya cikin goma yana faɗawa ciwon damuwa a lokacin goyon cikin matarsa ko bayan haihuwa.

A wajen Turai da Amurka

Masana al'adu ne suka fi tona raunin ma'aunin. Barry Hewlett ya zauna da mutanen Aka, mafarautan daji a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya bayyana a 1991 cewa uba a cikinsu yana riƙe da jaririnsa ko yana dab da shi kashi 47 cikin 100 na lokacinsa. Miji da mata tare suke fita farauta da raga, jariri na yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Kuma ubannin Aka ba su cika wasan kokawa da cilla yaro sama ba, wasan da wasu masana a Yamma suka ɗauka shi ne hanyar uba ta asali. A ɗaya gefen, Rebecca Sear da Ruth Mace sun duba bincike 45 a 2008 kan abin da ke raya yaro a al'ummomin da haihuwa da mutuwar yara suke da yawa. Mutuwar uwa kullum haɗari ce ga jariri, amma a kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka ga kasancewar uba ta ƙara wa yaro damar rayuwa. Sau da yawa kaka ta wajen uwa ta fi shi tasiri, kamar yadda aka gani a ƙauyukan Gambiya.

Ƙasar Hausa ma ta shiga lissafin. Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa a 1977 abin da suka gani a kan jarirai 18 na Hausawa a Najeriya: kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, har da uba, amma ya fi jingina ga wanda ya fi ɗaukarsa, ko da ba uwar ba ce. Duk wanda ya tashi a gidan gandu bai yi mamakin wannan ba. Akwai kuma abin da takardar tambayoyi ba ta gani. Binciken gida-gida na UNICEF yakan tambaya ko uba ya yi wa yaro karatu ko tatsuniya ko waƙa ko wasa, ko ya fita da shi, cikin kwana uku da suka wuce, kuma da shi ne aka ce a 2017 kashi 55 cikin 100 na yara 'yan shekara uku zuwa huɗu a ƙasashe 74 ba sa samun haka. Magidancin da ke kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, zai faɗi wannan jarrabawa, alhali shi ya yanka ragon suna, shi ke cefane, shi zai kai shi makarantar allo. Haka ɗan ci-rani da ke aiko kuɗi daga Legas, da baffa ko kawu da ya karɓi riƙo. Masu bincike a Afirka ta Kudu, irin su Linda Richter da Robert Morrell, sun daɗe suna jan hankali kan uban riƙo da ba shi ya haifa ba.

Daga bincike zuwa aiki

Suwidin ce ta fara bai wa uba damar raba hutun haihuwa da uwa a 1974, amma maza ƙalilan suka karɓa. Sai da Norway ta keɓe wa uba mako huɗu a 1993, in bai ɗauka ba iyalin sun yi asararsu, sannan mafi yawan iyaye maza suka fara zama gida. Suwidin ta bi sahu da wata ɗaya a 1995, ta kai shi wata uku a 2016. A Najeriya, jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza kwana 10 a 2014, Gwamnatin Tarayya ta amince da kwana 14 a 2021, sai dai wannan bai shafi manomi da ɗan kasuwa ba.

A Ruwanda an gwada shirin Bandebereho, na zaman tattaunawa da iyaye maza kan reno da zaman iyali, da ma'aurata 1,199, aka raba su ta ƙuri'a: wasu suka shiga shirin, wasu ba su shiga ba. Sakamakon 2018 ya nuna raguwar dukan mata da na yara a gidajen da mazan suka halarci zaman, da ƙaruwar raka mata awon ciki. A jihar Damagaram ta Nijar kuwa, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya kafa makarantun magidanta a ƙarshen shekarun 2000, bayan wani bincike ya nuna izinin miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mace zuwa asibiti. Magidanta masu mutunci a unguwa ne ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, sannan su kai maganar ga sauran maza a majalisa da ƙofar masallaci, kuma tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.