Ikon Jam'iyyar Kwaminis a Jami'o'i Masu Zaman Kansu na Ƙasar Sin

A ƙasar Sin, jami'ar da ɗan kasuwa ya gina da kuɗinsa ba ta fita daga hannun Jam'iyyar Kwaminis, domin doka ta ba jam'iyyar gurbi a cikin shugabancinta. Gwamnati ta karɓe jami'o'in da ba nata ba a 1952, kuma ba su sake ɓullowa ba sai bayan da jagoran ƙasar Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar kasuwanci a 1978, sannan tsarin mulkin 1982 ya halatta wa jama'a kafa makarantu. Faɗaɗa guraben karatu a 1999 da dokar bunƙasa ilimi mai zaman kansa ta 2002 suka ƙara jawo masu jari.

Da farko jam'iyyar ta sassauta, aka bar al'amura a hannun hukumar daraktoci. Tarzomar 2006 ce ta sauya lissafi. A watan Yuni na shekarar, ɗaliban kwalejin Shengda da ke kusa da birnin Zhengzhou, waɗanda iyayensu suka biya kuɗi masu yawa bisa alkawarin samun takardar shaidar Jami'ar Zhengzhou, sun ga an maƙala sunan kwalejin a jikin takardar, suka farfasa tagogi da shaguna. Irin haka ta faru a lardin Jiangxi, daga nan hukumomin larduna suka shiga tura sakatarorin jam'iyya zuwa waɗannan makarantu.

Gyaran dokar a 2016 ya yarda a buɗe jami'a don neman riba, amma a cikinsa aka ƙarfafa matsayin reshen jam'iyya, ƙa'idojin 2021 kuma suka wajabta ba wakilinta kujera a hukumar daraktoci. Mai makaranta na kula da gine-gine da kuɗin shiga, sakatare kuwa na sa ido kan darussan aƙida da tarbiyyar ɗalibai, kuma a zahiri muryarsa ta wuce ta mai ba da shawara.

Lamarin ya sha bamban da na Najeriya, inda Hukumar Kula da Jami'o'i da ke Maitama a Abuja ke tantance masu neman lasisin kafa jami'a mai zaman kanta tun daga rukunin farko na 1999. A nan jam'iyya ba ta da kujera, ko da yake 'yan siyasa na kafa nasu, kamar Baze ta Datti Baba-Ahmed a Abuja da jami'ar Atiku Abubakar a Yola.