Ba Kauri Ke Hana Jini Ɓata Zanin Gado Ba

Mata da yawa sun ɗauka jinin al'ada ƙaruwa yake yi da dare, shi ya sa suke ninka audugar mata biyu, ko su nemi kamfan al'ada, wato kamfai mai tsotse jini, mafi kauri a kasuwa. Safiya ta yi, zanin gado ya ɓaci duk da haka.

Matsalar daga kwanciya take. Idan kina tsaye jini ƙasa yake sauka, ya faɗa tsakiyar audugar. Idan kika kwanta rigingine kuwa, baya yake gangarawa, wurin da babu abin tare shi. Wani kuma taruwa yake yi a ciki, sai kin miƙe da asuba ya zubo gaba ɗaya.

Don haka juya kamfan ki duba bayansa. Shimfiɗar da ke tsotse jinin ta haura har ƙugu? Bakin cinyoyin ya kama jiki ba tare da gibi ba? Wannan ya fi kauri amfani nesa ba kusa ba. Wanki kuma da ruwan sanyi, don ruwan zafi kafe tabon jini yake yi.

Amma idan kina jiƙe auduga duk awa ɗaya, awanni a jere, maganar ta wuce kamfai, ta likita ce.