Paqid: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Kalmar Ibrananci ta Mai Kula

Ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki da masu shirya wa'azi ba sa gajiya da maimaita waɗannan tambayoyi. Ga amsoshinsu wuri ɗaya, a karanta kafin a sake tambaya.

Mece ce ma'anar paqid?

Mutumin da aka naɗa ya kula da wasu mutane ko wani aiki a madadin na gaba da shi. Jam'inta peqidim.

Sau nawa ta zo a Tsohon Alkawari?

Sau 13. Farawa 41:34, Mahukunta 9:28, 2 Sarakuna 25:19, 2 Tarihi 24:11 da 31:13, Nehemiya 11:9, 11:14, 11:22 da 12:42, Esta 2:3, sai Irmiya 20:1, 29:26 da 52:25. Ka buɗe su duka, aikin bai kai rabin sa'a ba. Yawancin kurakuran da ake ji a kan mumbari daga wanda ya karanta aya ɗaya ya rufe littafi suke fitowa.

An ce tushenta yana nufin ziyara da hukunci da ƙidaya. To paqid ya haɗa dukansu ke nan?

A'a, kuma don Allah a daina koyar da haka. Gaskiya ne aikatau ɗin paqad ya zo kusan sau 300 da fuskoki masu yawa. Shi ne a Farawa 21:1 inda Ubangiji ya tuna da Saratu ta haihu, shi ne a Fitowa 20:5 inda ake maganar hukunta laifin iyaye, da shi kuma aka ƙidaya mayaƙan Isra'ila a jeji. Abin da ya haɗa su shi ne babba ya mai da hankalinsa kan na ƙasa da shi, ya ɗauki mataki. Amma suna ba ya kwashe duk kayan tushensa. Mutanen da Sarki Ahasurus ya naɗa a larduna su tattaro 'yan mata a Esta 2:3 ba ziyarar alheri suka je ba. An aike su, sun yi abin da aka ce.

Yusufu paqid ne a gidan Fotifar?

Aikinsa ke nan, amma Farawa 39:4 aikatau ta yi amfani da shi: Fotifar ya naɗa shi. Sunan kansa sai a 41:34, inda Yusufu ya shawarci Fir'auna ya naɗa peqidim su karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi.

Mene ne aikinsu a Haikali?

Nan kalmar ta fi fitowa sarai. A zamanin Sarki Yowash an ajiye akwati don kuɗin gyaran Haikali. In ya cika, Lawiyawa su kawo shi, sai magatakardan sarki da paqid na babban firist su juye kuɗin tare, a mayar da akwatin wurinsa, kullum haka. Lura da tsarin: mutum biyu, ɗaya daga fada, ɗaya daga firistoci, ba wanda ke taɓa kuɗin shi kaɗai. A zamanin Hezekiya zakka ta taru tuli, aka shirya ɗakunan ajiya, aka sa mutum 10 da aka ambaci sunayensu su zama peqidim a ƙarƙashin Konaniya da ɗan'uwansa Shimai. A Nehemiya kuma Uzzi na kula da Lawiyawan Urushalima, Yezrahiya na kula da mawaƙa. Kowane ɗayansu an san iyakar aikinsa.

To muƙami ne mai tsarki?

Kalmar ba ta yabo, ba ta zagi. Fashur ɗan Immer babban paqid ne a Haikali, shi ne ya ba da umarni aka doki Irmiya aka sa shi a turu a Ƙofar Biliyaminu har washegari. Shemaiya ma daga Babila ya rubuto wa firist Zafaniya yana tuna masa cewa aikin peqidim ne su kama duk mahaukacin da ke kiran kansa annabi, don me ya ƙyale Irmiya? Zebul kuwa, paqid na Abimelek a Shekem, shi ya riƙa aika wa ubangidansa labarin masu tawaye.

Zan yi wa'azi a bikin naɗin dattawa. Zan iya cewa bishop daga paqid ya samo asali?

Ɗan'uwa, a nan sai ka taka a hankali, domin akwai gaskiya a ciki amma ba ta kai yadda ake faɗa ba. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, aikin da aka fara a Iskandariya wajen ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu, sun sa episkopos, wato mai kula, a madadin paqid a wasu wurare, kamar Nehemiya 11 da Mahukunta 9:28. A Farawa 41:34 kuwa wata kalma dabam suka zaɓa, mai nufin hakiman yankuna. Ka ga ko su ba su ɗauke su abu ɗaya a ko'ina ba. Episkopos ita ce ta zo sau 5 a Sabon Alkawari: Ayyukan Manzanni 20:28, Filibiyawa 1:1, 1 Timoti 3:2, Titus 1:7 da 1 Bitrus 2:25, kuma daga gare ta kalmar bishop ta fito. Akwai wata alaƙa kuma: Bitrus, da yake maganar wanda zai maye gurbin Yahuza Iskariyoti, ya kawo Zabura 109:8, inda kalmar muƙami daga tushen paqad take.

Sai dai Helenawa na kiran jami'an biranensu episkopos tun kafin a kafa ikilisiya, saboda haka mai yiwuwa masu bi na farko daga ɓangarorin biyu suka ji kalmar. Wasu masana na duban rubuce-rubucen wata tsohuwar jama'ar Yahudawa a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, da aka fara ganowa a 1947, inda jama'ar ke da paqid da kuma wani jami'i mai suna mebaqqer da ke gwada masu son shiga, yana kula da dukiyar jama'a. Kamannin na da ƙarfi, amma ba a tabbatar ikilisiya daga can ta ɗauko ba. Ƙari a kan haka, a Ayyukan Manzanni 20 mutanen da aka kira dattawa a aya ta 17 su ne aka kira masu kula a aya ta 28. Bishop guda a kan dattawa da dikinoni sai a wasiƙun Ignatiyus, shugaban ikilisiyar Antakiya, farkon ƙarni na biyu, ya fito fili.

Saboda haka kada hankalinka ya tashi, wa'azinka bai rushe ba. Kana iya cewa kalmomin biyu sun haɗu a fassarar Helenanci, kana iya kawo akwatin Yowash a matsayin misalin riƙon amana. Abin da ba za ka ce ba shi ne Uzzi bishop ne, ko tsarin ɗarikarku a Nehemiya aka rubuta shi.

Duk inda na ga "shugaban aiki" a fassarar Hausa, paqid ce?

Ba lalle ba. Masu tsananta wa Isra'ilawa a Fitowa 5 nogesim ne, shugabannin gayya na cikin Isra'ilawa da aka doka shoterim ne. Mutum 3,600 da Sulemanu ya sa a kan ma'aikata a 2 Tarihi 2:18 menatsehim ne. Ka duba lambar kalma a littafin Strong, mai jera kalmomin Littafi Mai Tsarki da lambobi: paqid ita ce 6496, aikatau ɗin 6485.

Tana da dangi a Larabci?

Tana da shi, tushen fa, ƙaf, dal. Shi ne a Suratun Namli aya ta 20, inda Annabi Sulaimanu ya bincika tsuntsaye bai ga alhudahuda ba. Amma faƙid a Larabci wanda aka rasa ne, mamaci. Kada ka fassara ɗaya da ɗayan.

Har yanzu ana amfani da ita?

Ana yi. A Ibranancin yau pakid shi ne akawu ko ma'aikacin ofis, irin na banki ko na haraji.