Sauya iskar ɗakin kwana a gidajen ƙasashe masu tsananin sanyi

Sauya iskar ɗakin kwana shi ne fitar da iskar da masu barci suka riga suka shaƙa, tare da shigo da sabuwa daga waje. A ƙasashe irin su Kanada, Suwidin da Finlan, inda ruwa kan daskare tsawon watanni a lokacin hunturu, wannan aiki yana da wuya, domin duk iskar da ta fita tana tafiya ne da ɗumin da aka kashe kuɗi wajen samarwa.

Matsalar ta ƙaru bayan tashin farashin man fetur na 1973, lokacin da aka shiga toshe kafofin gidaje don tsimin makamashi. Ɗakin kwana ne ya fi cutuwa, saboda ƙarami ne, ana rufe ƙofarsa, kuma mutum kan shafe kusan awa takwas a cikinsa. Iskar kabon dayoksaid, wadda mutum ke fitarwa idan yana numfashi, a waje tana kusan kashi 420 cikin miliyan, amma a rufaffen ɗaki mai mutum biyu takan haura 2,000 kafin asuba, alhali tun a 1858 masanin tsafta Bajamushe Max von Pettenkofer ya sanya 1,000 a matsayin iyakar iska mai kyau. Haka kuma danshin numfashi da gumi yana taruwa a kan gilashin taga da kusurwoyin bango masu sanyi, inda fumfuna ke samun wurin tsiro, abin da ke tayar wa masu asma da ciwonsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Jamusawa suka saba da ita: a buɗe tagogi gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma, sannan a rufe, ta yadda iska za ta sauya kafin bango ya huce. Sai dai amfaninta ba ya kaiwa tsakar dare.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan yanayi shi ne na'urar da ke ƙwato ɗumi. Iska mai fita da mai shigowa suna gilmawa ta siraran hanyoyi da ke maƙwabtaka ba tare da sun gauraya ba, sai mai fita ta bar wa mai shigowa mafi yawan ɗuminta, sau da yawa fiye da kashi 70 cikin ɗari. An gwada ta a wani gidan gwaji da aka gina a Regina ta Kanada a 1977, daga baya kuma ta zama ginshiƙin Passivhaus, wato tsarin gina gidaje masu tsimin makamashi sosai, wanda aka gina gidansa na farko a Darmstadt ta Jamus a 1991. Ana shigar da sabuwar iskar ta ɗakin kwana, a zuƙe tsohuwar ta banɗaki da kicin, don haka wajibi ne a bar 'yar tazara a ƙarƙashin ƙofa.

Na'urar tana buƙatar kulawa, domin matatarta kan toshe da ƙura, cikinta kuma kan yi ƙanƙara idan sanyi ya tsananta. In aka yawaita sauya iska a hunturu, ɗaki kan bushe har maƙogwaro da fata su ji, shi ya sa ake son danshi ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.