Tawada a fasahar rubutun buroshi ta ƙasar Sin

Tawadar rubutun buroshi, wadda Sinawa ke kira mo, Japanawa kuma sumi, baƙar tawada ce da ake haɗawa da baƙin hayaƙi da gam ɗin da aka dafa daga fatar dabbobi, a busar da ita ta zama ɗan sanda mai tauri. Idan za a yi rubutu, sai a goga sandan a kan dutsen niƙa tare da ɗan ruwa har tawadar ta kai kaurin da ake so. Tana cikin kayan aiki huɗu da malaman Sin suka ɗaukaka, tare da buroshi da takarda da dutsen niƙa. Haɗinta ya yi kama da na tawadar allo da aka sani a ƙasar Hausa, sai dai a can gam ɗin fata ne ke yin aikin da ƙaro ke yi.

Tarihi

An sami alamun rubutun buroshi a kan wasu ƙasusuwan duba na daular Shang, wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya. A kaburburan Shuihudi da ke lardin Hubei, waɗanda aka tona a 1975, an ga ɗan dunƙulen tawada tare da dutsen niƙa, na ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Tawadar wancan zamani ƙananan dunƙule ce da ake murƙushewa da wani dutse. Sandan da ake riƙewa a hannu ya zo daga baya.

Ana jingina wani tsohon tsarin haɗa tawada ga Wei Dan (179–253). Wanda sunansa ya fi fita shi ne Li Tinggui na ƙarni na 10, wanda iyalinsa suka yi ƙaura daga arewa zuwa yankin She saboda yalwar itacen fayin, wanda ake ƙonawa a sami hayaƙin tawada, har aka ce sarkin daular Tang ta Kudu ya ba su sunan gidansa don jin daɗin aikinsu. Wannan yanki, da aka sake wa suna Huizhou, shi ne cibiyar sana'ar har yau. Tun daga zamanin daular Song hayaƙin man fitila ya fara gogayya da na itace, kuma masanin nan Shen Kuo (1031–1095) ya gwada hayaƙin man da ke tsattsafowa daga ƙasa, yana mai lura cewa dazuzzukan fayin na ƙarewa. Tawadar itace ba ta da sheƙi, idan aka sirka ta takan ɗan karkata zuwa shuɗi. Ta mai kuwa tana da ƙyalli.

Kauri, ruwa da bushewa

Sinawa na cewa tawada kala biyar ce, maganar da ake dangantawa da marubucin tarihin zane Zhang Yanyuan na ƙarni na 9. Masana ba su daidaita a kan jerin biyar ɗin ba. Abin da aka yarda da shi shi ne baƙin yakan bambanta gwargwadon ruwan da aka sa, da yawan abin da buroshi ya ɗauko, da kuma saurin hannu.

Buroshin da ya cika da tawada yakan bar layi mai nauyi, idan kuma takardar mai shan ruwa ce irin ta Xuan, sai ruwan ya naso ya zarce gefen layin. Wang Duo (1592–1652) ya mayar da wannan nason salonsa, har wasu haruffansa kan haɗe su zama dunƙule guda. Yayin da tawada ke ƙarewa, gashin buroshin yakan rabu, farin takarda ya riƙa leƙowa ta tsakiyar layi. Ana kiran wannan feibai, wato fari mai tashi, kuma hikaya ta ce Cai Yong na ƙarni na 2 ne ya ƙirƙiro shi bayan ya ga ma'aikata suna shafa farar ƙasa da tsintsiya.

Da yake ba a goge tawadar, ba a kuma son maimaita layi, mai kallo yana iya gane inda marubuci ya tsoma buroshi, da inda ya yi sauri, da inda ya dakata. Misalin da aka fi kawowa shi ne daftarin ta'aziyyar da Yan Zhenqing ya rubuta a 758 ga ɗan ɗan'uwansa da aka kashe a tawayen An Lushan. Layukan sukan fara da baƙi ƙirin, su yi ta kodewa har buroshi ya bushe ƙayau kafin ya sake tsomawa, ga kuma kalmomin da ya soke nan da can. Masu sharhi sun daɗe suna karanta baƙin cikinsa a cikin wannan bushewar. Takardar tana gidan adana kayan tarihi na fada da ke Taipei.

Su Shi (1037–1101) ya fi son tawada mai kauri, wadda ya kwatanta da ƙwayar idon yaro. Dong Qichang (1555–1636) kuwa ya yi suna da mai ruwa-ruwa. A zamanin daular Qing an yi wa Liu Yong laƙabi da wazirin tawada mai kauri.

A Japan

Tsohon tarihin fadar Japan ya ce wani malamin addinin Buddha daga Koriya, wanda ya iya haɗa tawada da takarda, ya iso a 610. Birnin Nara ne ya fi samar da ita, kuma shagon Kobaien yana aiki a can tun 1577. Japanawa suna kiran nason nijimi, bushewar kuma kasure. A 1952 wasu marubuta, ciki har da Morita Shiryu da Inoue Yuichi, suka kafa ƙungiyar Bokujinkai, wadda ta riƙa rubuta harafi ɗaya tak a kan ƙatuwar takarda.

A yau

Tawadar kwalba, wadda shagon Yidege na Beijing ya fara sayarwa wajen 1865, ita ce ɗalibai suka fi amfani da ita. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya fasahar rubutun Sin cikin jerin al'adun gado na duniya.