Waiwaye: Yadda ganyen itatuwa ya zama madogarar dabbobi a shekarun fari

Tun kafin zuwan malaman gona, makiyayi ya san darajar gawo. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda a ƙarni na 19 ya hana sare shi, ya kuma tsananta hukunci. Dalili a fili yake: gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya yi sabo da rani, daidai lokacin da ƙasa ta yi ƙwal.

Masana ba su waiwayi abin sosai ba sai da farin 1972 zuwa 1974 ya yi wa garkunan Sahel kaca-kaca. Shanu, masu dogaro da ciyawa, su suka fi mutuwa. Awaki da raƙuma suka fi jurewa saboda suna cin aduwa, magarya da ƙaya. A 1980 aka yi babban taro a Adis Ababa kan wannan batu kaɗai.

Awo ya tabbatar da abin da Fulani suka daɗe da sani. Busasshiyar ciyawa a ƙarshen rani furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin saniya yana bukatar wajen kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Ganyen gawo kuwa yakan kai kashi 15 zuwa 20. Shi ya sa ɗan ganye kan kara ko harawa yake buɗe wa dabba ciki. Mahaɗi ne, ba ya maye gurbin ciyawa. Wasu itatuwan, irin su bagaruwa, suna da tanin mai yawa, sinadarin nan mai bauri da majema ke jima da shi. Idan ya yi yawa sai ya ɗaure furotin, dabba ta ci amma ta ci gaba da ramewa. Shanya ganyen ya sha iska, da gauraya iri biyu ko uku, yana rage wannan.

Bayan farin 1984, sassaben zamani ya bazu daga yankin Maraɗi: manomi ya bar tohon kututture ya girma maimakon ya ƙone shi. An kiyasta hakan ya farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar.

Matsalar da ta rage ita ce sara. Gawon da aka aske ƙwal yakan yi shekaru bai ba da 'ya'yan kirki ba, su kuwa 'ya'yan ne ake tarawa a buhu don tumakin turke.