Sayen Motar da Ke da Wuyar Samu Daga Dillali Mai Nisa: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya ƙallafa ransa a kan wata mota takamaimiya, mai irin injin da yake so da launin da yake so, sau da yawa yakan zagaye dillalan da ke kusa da shi bai same ta ba, sai labari ya zo masa cewa akwai guda ɗaya a wani gari mai nisa ko ma a wata ƙasa. Daga nan matsalar takan sauya kama, domin nisa yana hana mai saye amfani da idonsa da hannunsa, kuma dole ya nemi abin da zai tsaya a madadinsu.

Me ya sa wata mota take wuyar samu alhali kamfanin yana ci gaba da ƙera ta?

Dillali ba ya samun duk motar da ya nema daga kamfani. Kamfanonin ƙera motoci suna raba abin da suka fitar ne bisa kaso, kuma galibi wanda ya fi sayarwa da sauri shi ake ƙara wa. Saboda haka ƙaramin dillali yana iya shafe watanni bai ga samfurin da ake rububinsa ba, alhali wani babba a wani yanki yana da uku a ajiye. Akwai kuma motocin da tun asali ba a kai su wasu kasuwanni. Toyota Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, sananniya ce a Ostareliya da Gabas ta Tsakiya da Afirka, amma kamfanin bai sayar da ita a Amurka ba. Wani lokaci doka ce ke kawo ƙarancin: Suzuki ta janye Jimny mai kujeru huɗu daga yawancin kasuwannin Turai a 2020 saboda ƙa'idojin hayaƙi, sannan ta dawo da ita a matsayin motar ɗaukar kaya mai kujeru biyu. Wani lokacin kuma masana'anta ce ta gaza, kamar yadda ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da aiki a kamfanoni da yawa a 2021, har a farkon 2022 Toyota ta sanar da masu saye a Japan cewa jiran sabuwar Land Cruiser 300 yana iya kai shekara huɗu.

Sanin dalilin ƙarancin yana da amfani, domin shi ke nuna ko jira zai yi magani. Ƙarancin da kaso ya haifar yakan wuce, amma motar da aka daina ƙerawa kullum raguwa take yi.

Ta ina ya kamata a fara nema?

A fara da takarda da alƙalami. Mai saye ya rubuta samfurin motar, shekarar ƙira, girman inji, irin giya, ko ta hannu ce ko mai canza kanta, irin man da take sha, da kayan da ke cikinta, sannan ya raba su gida biyu: waɗanda ba zai iya haƙura da su ba, da waɗanda zai iya sassautawa. A ganina launi ya kamata ya faɗa gida na biyu, domin mutane da yawa sun bar mota lafiyayya ta wuce su saboda fenti.

Bayan haka, kafin a tafi nesa, a tambayi dillalin kusa abu biyu. Na farko, ko zai iya musayar mota da wani dillalin kamfani ɗaya, abin da suka saba yi a tsakaninsu idan motar sabuwa ce. Na biyu, ko zai karɓi oda kai tsaye zuwa masana'anta. Idan duka biyun ba su yiwu ba, sai a faɗaɗa bincike a shafukan tallan motoci na intanet, a riƙa buga waya maimakon dogaro da saƙo kaɗai. Talla takan daɗe a shafi bayan an sayar da motar, wata kuma ana saka ta tun motar tana kan hanya daga masana'anta, wataƙila ma wani ya riga ya kama ta. Tambaya ta farko a waya ita ce ko motar tana harabar dillalin a wannan rana, ta biyu kuma ita ce lambar shasinta.

Me ya sa ake nanata maganar lambar shasi?

Domin ita kaɗai ce ke bambanta wannan motar da dubban 'yan'uwanta. Hoto ana iya ɗauko shi daga ko'ina, bayani kuma ana iya kwafa, amma lambar shasi, wadda ake kira VIN, ta mota ɗaya ce tak. Tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a saka haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna ƙasa da kamfani: J na Japan ne, W na Jamus, K galibi na Koriya ta Kudu, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, 3 kuma galibi na Meziko. A motocin kasuwar Arewacin Amurka, gurbi na tara alƙalamin tantancewa ne da ake lissafowa daga sauran, ta yadda lambar da aka ƙirƙira da ka takan faɗi gwaji, gurbi na goma kuma yana nuna shekarar samfuri, misali L na 2020, M na 2021, N na 2022. Motocin da aka ƙera don amfani a cikin Japan kaɗai suna da lambar shasi gajeruwa mai tsari na daban, don haka rashin cikar 17 a irinsu ba alamar maguɗi ba ce.

Abin da ake bukata shi ne dillali ya turo hoton lambar daga wurare uku: ƙasan gilashin gaba, takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, da takardar mallaka. Dukkansu su zo ɗaya. Daga nan kowace takarda da za a rubuta, tun daga rasit ɗin kuɗin farko har zuwa takardar jigila, ta ɗauki wannan lamba. Dillalin da ya yi ta kewaye-kewaye wajen bayar da ita, a bar shi da motarsa komai kyawunta.

Rahoton tarihin mota ya wadatar a kan motar da aka taɓa hawa?

Yana taimakawa, amma bai wadatar ba. A Amurka kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck suna tattara bayanai daga hukumomin rajista da kamfanonin inshora da garejoji, su nuna yawan mutanen da suka mallaki motar, haɗurran da aka kai rahotonsu, da adadin tafiyar da aka rubuta a lokuta daban-daban. Idan adadin ya ragu tsakanin shekara da shekara, an taɓa agogon tafiyar ke nan. A Japan kuwa motocin gwanjo suna zuwa da takardar dubawa mai maki, inda 4.5 ko 5 ke nuna mota mai kyau sosai, R ke nuna an gyara ta bayan haɗari, kuma akwai zanen jikin motar da aka yi wa alamomi a wuraren ƙarzuwa da lotsawa.

Raunin waɗannan rahotanni shi ne abin da aka sanar kaɗai suke ɗauka. Wanda ya buge mota ya gyara da kuɗinsa ba tare da inshora ta sani ba, rahotonsa zai fito fes. Ya kamata kuma a lura da inda motar ta zauna. Yankunan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suna cinye ƙasan mota da tsatsa, kuma bayan manyan ambaliyoyi, irin waɗanda guguwar Katrina ta 2005 da guguwar Harvey ta 2017 suka kawo a Amurka, motoci masu yawa da ruwa ya shanye sun sake ɓulla a kasuwannin da ke nesa da inda abin ya faru, wasu da takardun da aka sabunta don ɓoye tarihin.

Wa zai duba motar idan mai saye ba zai iya zuwa ba?

Makaniken da mai saye ya ɗauka da kansa, ya biya da kansa, wanda ba shi da wata alaƙa da dillalin. Nan ne bai kamata a yi tsimi ba, domin ladan dubawa ƙalilan ne idan aka gwada shi da kuɗin akwatin giya ɗaya. Makaniken ya ɗaga motar ya duba ƙasanta, ya tayar da injin da sanyinsa kafin a ɗumama shi, tunda yawancin ƙara da hayaƙi a lokacin suke bayyana, sannan ya tuƙa ta a hanya. Ya jona na'urar karanta kwamfutar mota a mahaɗar OBD-II, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, ya kuma duba ko ba a daɗe da goge bayanan matsala ba, domin akwai masu gogewa ana gab da zuwan mai dubawa. Na'urar auna kaurin fenti tana tona asirin gyara: idan ƙofa ɗaya ta ninka sauran jikin kauri, an sake fesa ta. Warin danshi, laka a ƙarƙashin kafet, da tsatsa a ƙusoshin kujeru alamun ruwa ne. Taya ma tana da shekaru a rubuce a gefenta, alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Ban da wannan, mai saye ya nemi a zagaya da shi motar ta kiran bidiyo kai tsaye, shi yana faɗin inda za a haska.

Yaya ake ciniki da biyan kuɗi daga nesa?

A nemi jimillar kuɗi gaba ɗaya a rubuce, da haraji da kuɗin takardu da duk wani ƙari, kafin a ba da ko sisi. Idan mota tana da wuyar samu, wasu dillalan sukan ɗora riba a kan farashin da kamfani ya ba da shawara, ko su cusa kayan da ba a nema ba, kamar maganin kare fenti, su ce ba a raba su da motar. Ƙarfin mai saye a irin wannan ciniki kaɗan ne, kuma gara ya san haka tun farko, amma samun dillali na biyu, ko da ya fi nisa, yakan sa na farko ya sassauto.

Kafin alƙalami yana da amfani domin shi ke riƙe motar, sai dai a rubuta adadinsa, lambar shasin da aka biya shi a kanta, ranar da riƙon zai ƙare, da sharaɗin mayar da shi idan dubawa ta nuna aibi. A biya cikin asusun kamfanin dillalin, kada a biya cikin asusun wani ma'aikaci. Akwai zambar da ta yaɗu inda ɓarayi ke kwaikwayon shafin dillali na gaskiya, ko su kutsa cikin imel su aiko da wata lambar asusu ana gab da biya. Maganinta shi ne a kira dillalin ta lambar wayar da aka samo daga shafin kamfanin da ya ƙera motar, a tabbatar da asusun baki da baki. Farashi mai arha fiye da kima a kan motar da kowa ke nema, haɗe da matsin cewa wani yana jira da kuɗi a hannu, ya isa dalilin ja da baya.

A je a tuƙo ta ne ko a sa a kawo ta?

Zuwa da kai ya fi idan hali ya yi, tunda mutum zai ga motar kafin ya cika kuɗi, amma ya tanadi inshora da lambar mota ta wucin gadi kafin ya hau hanya. Idan tirela za ta ɗauko, buɗaɗɗiya ta fi arha, rufaffiya ta fi kariya. A ɗauki hotunan kowane ɓangare lokacin lodi, a kuma duba motar da rana lokacin saukewa kafin a sa hannu a takardar karɓa, domin lahanin da ba a rubuta a wannan takarda ba da wuya mai jigila ya amsa shi daga baya.

Idan motar tana wata ƙasa fa?

Nan tambaya ta farko ita ce ko dokar ƙasar mai saye za ta bari a yi mata rajista, kuma a nemi amsar kafin a biya. Amurka ba ta barin a shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojinta ba sai ta cika shekara 25, Kanada kuma shekara 15, alhali ƙasashe da yawa akasin haka suke yi, suna hana shigo da motar da ta wuce wasu shekaru. Gefen sitiyari ma abin dubawa ne: motocin Japan da Ingila da Ostareliya da Indiya sitiyarinsu a dama yake, kuma wasu ƙasashen da ke tuƙi a hannun dama ba sa yi wa irinsu rajista. Sai batun mai. Injin dizal na zamani da aka ƙera don Turai yana da matatar hayaƙi da ke bukatar mai mai ƙarancin sinadarin salfa, kuma idan ana zuba masa wanda bai kai wannan tsabta ba, matatar takan toshe da wuri.

A teku hanya biyu ce: jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita a fito da ita, wanda ya fi sauƙin kuɗi, ko kwantena, wadda ta fi tsaro kuma ake iya haɗa kayan gyara a ciki. A fahimci abin da farashin ya ƙunsa. FOB yana nufin mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar mota ta hau jirgi, CIF kuma ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tashar sauka, amma kuɗin fito na kwastam da na tasha suna kan mai saye a duka biyun. Garantin kamfani galibi ba ya ƙetare yankin da aka sayar da motar, don haka a tambayi wakilin kamfanin na ƙasar da za a kai ta ko zai karɓe ta a garejinsa, da kuma ko yana ajiye kayan gyaran wannan injin, tunda samfuri ɗaya yana iya fitowa da inji daban a kasuwanni daban.